Hannun Daman Malam Idi

Godiya, ajiye wayar nan ki zauna. Ku ma sauran ku matso, tunda hutun makaranta ya kawo ku shagona don ku koyi zane, ba don ku koya mini ba. Na ji abin da kika gaya wa ƙawarki ɗazu, kina zaton kunnena ya mutu: wai littafin yara wasan yara ne, a zana yaro mai ƙaton kai, a zuba kala, shi ke nan, waya ma tana yin sa kafin shayi ya huce. To, ni Bitrus tun ba a haife ku ba nake wannan aiki a Nasarawar nan, kuma har yau gabana yana faɗuwa duk ranar da zan kai zane wurin masu bugu. Akwai wani dattijo a Tudun Wada, Malam Idi tela, wanda rikicin gari bai hana shi taka ƙofar gidana ba, amma littafin yara guda ɗaya ya hana shi. Ku bari in fara daga farko don ku gane.

Aikin da aka fara ba ni a hannun maigidana, Baba Dung, wankin buroshi ne. Mutumin Filato ne, yana da rumfar fenti a bakin titi a Gonin Gora, yana zana bayan manyan motoci da allon masu aski da na masu abinci. Na wanke buroshi da kananzir har fatar yatsuna ta saɓule kafin ya bar ni in taɓa allo. Da ya ba ni fensir kuma, ba fuska ya sa ni zanawa ba, hannu ne. Hannu riƙe da ludayi, hannu riƙe da sitiyari, hannu yana miƙa canji, hannun tsohuwa, hannun jariri. Damina guda na yi a kan haka, ina ta ƙunƙuni a ciki. Wata rana wata mai tuwo ta sauko daga mota da allo a kanta, tana huci. A wani wuri aka yi mata shi, an zana mace kyakkyawa tana miƙa wa mutum malmala, amma da hagu. Ta ce tun da ta kafa allon direbobi ke tsokanarta, wasu ma sun koma rumfar gaba. Baba Dung ya goge hannun, ya sake shi, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ka ga dalili? Mutanenmu kafin su kalli fuskar wanda ke kan allo, sai sun duba da wane hannu ya miƙo musu." Ban sake ƙunƙuni ba.

Littafin farko da na yi, wata shugabar makarantar firamare ce ta kawo, na koyon baƙaƙe. A nan na gane cewa fentin mota daban, na takarda daban. Ga kayan aikin nan a gabanku, ba su canza ba: fensir, reza ta feƙe shi, fentin ruwa, buroshi ƙanana, takarda mai kauri wadda ba ta kumbura in ta jiƙa, tsumma, da gwangwanin madara na ruwa. Ku buɗe akwatin fentin nan ku nuna mini launin fatar Godiya. Babu. Wanda masu yin sa suka kira launin fata, in ka shafa wa yaron Nasarawa shi, uwarsa asibiti za ta nufa da shi. Da kanka za ka haɗa, ƙasa-ƙasa da ɗan ja da ɗigon shuɗi, kuma abin da ya yi wa yarinyar Binuwai ba zai yi wa 'yar Kagoro ba, ko a ɗaki ɗaya ma wa da ƙani ba launinsu ɗaya ba. Sai kuma waccan, kujera 'yar tsuguno. Ita ce babba a kayan aikina, don ba a zana unguwa daga cikin shago. Fita ake yi a zauna a bakin famfo, a bakin injin markaɗe, a ƙofar makaranta lokacin tashi, har mutane su gaji da kallonka su koma harkarsu. Sai a lokacin ake fara zane.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya ba ni haƙuri da su. Tun da aka fara yayin littattafan zaman tare, na ƙabilu daban-daban a unguwa ɗaya, kusan kowa abu guda yake so. A jera yara kamar masu ɗaukar hoton biki, a sa wa ɗan Bajju fata da gashin tsuntsu, a naɗe ɗan Tibi da zane mai baƙi da fari, a ɗora wa ɗan Bahaushe rawani, kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa yana yaƙe. Wani ya taɓa ce mini in sa wa wani yaro kwari da baka don a gane daga kudancin jiha yake. Na ce masa, "Oga, yaron nan da kake magana, rigar ƙwallo ce a jikinsa, kuma ledar ruwa yake tsotsa. In ya ga kansa da kwari da baka, dariya zai yi ya jefar da littafin." Yara ba wawaye ba ne. Sun san cewa abin da ya bambanta gidajen layinsu ba kaya ba ne, ƙamshin miyar da ke fitowa ne, da yadda ake gaida kaka, da ranar da kowane gida yake yanka dabba. Na rasa ayyuka da dama saboda bakin nan nawa, kuma ban yi nadama ba.

Yanzu ga Malam Idi. Gidan haya ɗaya muka zauna da shi a nan Nasarawa, ɗakinsa yana kallon nawa, kekensa na ɗinki a zaure. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ku 'yan yanzu wataƙila ba ku san al'adar ba: in Kirsimeti ta zo, mu Kirista ba ma yanka akuyarmu da kanmu, maƙwabci Musulmi muke kira ya yanka, don in an dafa a aika wa kowa ya ci ba tare da shakka ba. A gidanmu Malam Idi ne mai wannan aiki. Da safe zai fito da wuƙarsa, ya wasa ta a dutsen bakin rijiya, ni in riƙe akuya, yara su rufe ido da hannu suna leƙe ta tsakanin yatsu. In shinkafa ta nuna, matata Saratu ta cika kwano ta rufe, 'yarmu Rahila ta kai masa da hannu biyu-biyu, ya karɓa ya sa mata albarka. Da Babbar Sallah kuma cinyar rago ce ke shigowa ɗakinmu.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da gari ya hargitse ya rabu biyu, kogi a tsakiya. Ba zan ba ku labarinta ba, iyayenku sun sani. Abin da ya shafi sana'a shi ne, an ƙone rumfar Baba Dung, ya koma gida bai dawo ba. Makarantu a rufe, masu bugu a rufe, ba mai neman allo balle littafi. Fentin ruwana ya bushe a akwati, na koma shafa wa gidajen da suka ƙone farar ƙasa don a samu na abinci. Malam Idi ya ɗaure kekensa a bayan kura ya ƙetare zuwa Tudun Wada, wasu baƙi suka shiga ɗakinsa. Da Kirsimeti ta zo, mun sayi 'yar akuya ramammiya, ina tsaye ina tunanin wa zai yanka, sai ga sallama a zaure. Malam Idi ne, ya ƙetare gada da ƙafa, ya wuce sojoji, hannunsa ba komai. Saratu ta shiga ɗaki ta fito da wuƙarsa naɗe a tsumma. Ashe ranar da zai tashi ya bar mata ita, ya ce ba zai yiwu ya riƙa ratsa shingen sojoji da wuƙa ba, ta ajiye masa, zai zo. Haka ya ci gaba da zuwa kowace shekara, 'ya'yansa suna hana shi, yana cewa ba su san komai ba.

Aikin da ya jawo abin, wata Madam ce ta kawo shi, daga wata ƙungiya mai raba littattafai a makarantun gaba da kogi da na bayansa. Ta ce tana son labarin unguwa na gaskiya. Na ce to, yau na samu mai hankali. Na ba ta labarin Malam Idi, ta kusa kuka, ta ce shi take so. Na tafi Tudun Wada neman izini, don ba na zana fuskar mutum a ɓoye. Na same shi a kan keke, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Bitrus, ni da tsufana a sa ni a littafin yara? Me na yi?"

Na ce, "Malam, yaran layinmu na yanzu ba su taɓa zama gida ɗaya da Musulmi ba. Naku ma haka. So nake su ga yadda muka yi."

Ya gyara zare. Can ya ce, "Kai za ka zana da hannunka?"

Na ce, "Da hannuna, kuma ba abin da zai fita sai yadda na zana shi."

Ya ce, "To, na ba ka amanar fuskata."

Zanen nan na ba shi duk abin da na iya. Na yi ta zuwa da kujerata ina zama a shagonsa har na kama yadda yake karkata kai in yana saurare, da tabon da ke gefen girarsa, da hularsa mai lanƙwasa a gaba. Duk wanda ya san shi, kallo ɗaya zai yi ya ce ga Malam Idi. Shafi biyu ne zuciyar littafin. A na farko yana tsugune da wuƙa a hannun dama, ni ina riƙe da akuya, yara sun rufe ido, ba jini ko ɗigo. A na biyu ƙaramar yarinya tana miƙa masa kwano a rufe, damarta a gaba, hagunta ta tallafe gwiwar hannun, shi kuma ya miƙo damarsa zai karɓa. Hannayen nan na sake su har sai da na ji a raina cewa Baba Dung ba zai goge ba. Na naɗe zanen a kwali na kai wa masu bugu da kaina, na roƙe su su nuna mini gwaji kafin su buga. Suka ce ba damuwa. Ba wanda ya kira ni.

Ranar da Madam ta aiko mini da littafin, ina tsaye a ƙofar shagon nan na buɗe. Kala ta fito, takarda mai kyau. Na kai shafin akuya, sai ga abin da na gani. Malam Idi yana riƙe da wuƙa da hagu. Na buɗe na gaba, yarinya tana miƙa abinci da hagu, dattijo yana karɓa da hagu. Ko shagon ban rufe ba na hau mashin zuwa wurin masu bugu. Na tarar da saurayin da ke jera shafuka a kwamfuta, da abin jin waƙa a kunne, na ajiye masa littafin a gaba.

Na ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Ya ce, "Ni ne, Baba. Juya shi kawai na yi. Mutanen suna kallon waje ne, ka'ida kuma su kalli cikin littafi, wajen rubutu. Dannawa ɗaya ce, ban canza komai ba."

Na ce, "Kai a gidanku da wane hannu kake karɓar abinci daga wurin uwarka?"

Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai zane ne."

Kun ji fa, ai zane ne. Irin maganarki ta ɗazu, Godiya. Wallahi da ba don tsoron Allah ba da kwamfutar nan na fasa masa a ka. Na wuce ofishin Madam. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwan sanyi, ta ce ta fahimci damuwata ƙwarai, amma an riga an raba littafin a makarantu, an yi taro, an ɗauki hotuna an aika wa masu ba da tallafi. Na ce a janye, a sake shafi biyu kawai, ni zan bi makarantu in liƙa da hannuna kyauta. Ta ce ba ya cikin tsarin aikin. Ta ƙara da cewa, "Baba, yara ba za su lura ba." Mace mai 'ya'ya, wadda na tabbata tana buge hannun ɗanta in ya miƙo mata hagu, ita ce ke gaya mini wannan. Na bar mata ruwanta a kan tebur.

Yaran ne kuwa suka fara lura. A makarantar da Safiya jikar Malam Idi take a Tudun Wada, ba a rufe littafin ba sai da aji ya ɗauka: ga kakan Safiya, ga Malam Bahago. Yarinyar ta koma gida da kuka. Daga yara magana ta hau kan manya, kuma a bakin manya ta canza kama. Ba wanda ya ce kuskuren inji ne, wa ya san ana juya hoto? Cewa aka yi da gangan ne, Kiristocin Nasarawa sun zana dattijo yana yanka da hagu, ana miƙa masa abinci da hagu kamar wanda ake wa wulaƙanci, don su nuna wa 'ya'yansu matsayinsa a wurinsu. A namu ɓangaren ma matan coci sun tare Saratu suna tambaya ko haka ta koya wa Rahila miƙa abinci ga babba. Littafin da aka yi don zaman tare ke nan.

Na ɗauki ainihin zanen, wanda fentina ke kai, na ƙetare. Na samu shagon da mutane, babban ɗansa yana tsaye a ƙofa, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Na durƙusa na shimfiɗa takardar a kan keken ɗinki. Malam Idi ya sa tabarau, ya duba hannun da ke riƙe da wuƙa, ya duba na kwano, ya daɗe.

Ya ce, "Na gani, Bitrus. Ban taɓa zaton kai ne ba."

Na ce, "Malam, bari in bi layin nan gida-gida in nuna musu."

Ya ce, "Wannan guda ɗaya ne, yana hannunka. Wancan yana cikin jakar kowane yaro. Gida nawa za ka shiga?"

Ɗan ya ce, "Baba, mun daɗe muna gaya maka." Wannan karon Malam Idi bai ce masa bai san komai ba, yadda ya saba cewa a da. Ya naɗe zanen ya miƙo mini, na karɓa na fito.

Kirsimetin shekarar, na ɗaure akuya a gindin mangwaro tun da sassafe. Saratu ta fito da wuƙar ta ajiye a kan dutse. Muka je sujada muka dawo, ba kowa. Maƙwabta suka yanka nasu, hayaƙi ya tashi ko'ina, wani ya ce in kawo ya yanka mini mana, Saratu ta ce ba mai taɓa akuyar nan. Da rana ta take, na tare keke mai ƙafa uku, na cusa akuya a ciki, na hau muka ƙetare gada. Na yi sallama a ƙofar Malam Idi da igiya a hannu, yaran layi suka taru suna kallon Kirista da akuya ranar Kirsimeti. Ya fito, ya kalle ni, ya kalli akuyar, ya aika aka aro masa wuƙa a maƙwabta. Kafin ya tsuguna sai ya ɗaga hannunsa na dama sama da wuƙar, ya juya ga yaran ya ce, "Ku duba da kyau." Ya yi bisimilla ya yanka. Da yamma Rahila, wadda ta riga ta zama matar aure, ta kai masa kwano da kanta, ya karɓa ya sa mata albarka kamar da.

Amma bai sake zuwa Nasarawa ba. Ya ce mini ya yi wa 'ya'yansa alkawari, kuma ba zai iya shiga layin da yara za su nuna shi da yatsa ba. Tun daga lokacin ni ke kai akuya kowace shekara. Wuƙarsa tana nan a akwatin Saratu, naɗe a tsummanta, ba ta mayar ba, shi kuma bai tambaya ba. Littafin bai mutu ba, yana nan a makarantu, an ma sake buga shi yadda yake. Kwanan baya jikana, ɗan Rahila, ya dawo da shi daga makaranta yana murna, ya hau cinyata ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan mutumin da ya ƙetare gada da ƙafa a shekarar da ba mai ƙetarewa, ya ce, "Kaka, ga ka nan kai da Malam Bahago." Bai taɓa ganinsa a gidanmu ba. A nan kaɗai ya san shi.

Don haka kada wanda ya sake ce mini aikin nan dannawa ɗaya ne. Godiya, ɗauki fensir ki feƙe. Yau ba fuska, ba kala. Hannu za ki zana mini, na dama, yana miƙa kwano, kuma gobe ma shi za ki zana.